Boskwatar Gidan Alhaji Lawan

Hafsat ta haura shekara goma tana haya a boskwatar gidan Alhaji Lawan da ke Nassarawa GRA. A nan ta yi takabar mijinta, nan ta kawo mahaifiyarta Inna daga Gumel bayan shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da ita, kuma a tsakar gidan take girkin biki da na taro, sana'ar da ke riƙe da su. Da Alhaji ya rasu aka zo rabon gado, babban ɗansa Mustafa ya same ta tana yankan albasa.

"Hajiya Hafsat, gidan nan sayar da shi za mu yi," in ji shi. "Amma Baba ya sha faɗa cewa in an tashi a yanka miki ɓangarenki ki saya. In za ki iya kafin ƙarshen Fabrairu, bismillah. In ya wuce haka, ƙannena ba za su saurare ni ba."

Washegari ta tafi wani banki da ba ya mu'amala da kuɗin ruwa, wanda yake sayen gida ya sayar wa mutum ya riƙa biya a hankali. Ma'aikaciyar da ta karɓe ta, Maryam Nana, ta duba takardun harajinta na shekarun baya, ta ɗago kai.

"Anti, a takardun nan abin da kike samu ko hayar shago ba zai biya ba."

Kunya ta kama Hafsat. Wani mai shige da fice a ofishin haraji ne yake cike mata duk shekara, ya rubuta ɗan abin da ya ga dama, ita kuma tana murna an rage mata nauyi.

"Wallahi ina samun ninkin wannan sau da yawa."

"Na yarda, amma banki takarda yake gani. Shekarar da ta ƙare ba ki shigar ba tukuna. Kada ki jira Maris kamar kowa. Ki shigar yanzu, da gaskiyar abin da kika samu, ki kawo mana shaidar biya."

Aka haɗa ta da Malam Bartholomew, wani tsohon akanta mutumin Zonkwa da ke da ɗan ofishi a Tudun Wada. Ta juye masa leda guda ta rasit, wasu manja ya ɓata su, wasu rubutun ya goge. Ya zauna yana jera su wata-wata, yana girgiza kai. Rabin cinikinta a hannu aka biya ta. Wani kuma asusun ƙaninta Anas aka tura, lokacin da nata ya sami matsala.

"Hajiya, duk abin da ba shi da shaida, kamar ba a yi shi ba ne. Ki koma wurin waɗanda kika yi wa aiki, kowa ya rubuta miki ya sa hannu."

Haka ta shiga bin gidaje a adaidaita sahu, da safe bayan ta yi wa Inna wanka ta ba ta koko. Wata makaranta ta ba ta nan take. Wasu suka ce ta dawo gobe, goben kuma maigadi ya ce ba sa nan alhali ga motocinsu a rumfa. Wadda ta fi ba ta mamaki Hajiya Hauwa ce, wadda ta yi wa girkin aurar da 'ya'ya uku a bara. Ta karɓe ta da fara'a, aka kawo lemo, amma da jin kalmar haraji sai fuskarta ta sauya.

"Hafsat, kin san maigidana. Ba ya son sunansa ya je wurin mutanen nan. Su ga abin da aka kashe a abinci kaɗai, gobe su zo ƙofarsa?"

"Hajiya, ki rufa min asiri. Gidan da nake ciki ne. Inna ba ta ko iya tashi zaune."

Ta sauko daga kujera ta durƙusa a kan kafet. Hajiya Hauwa ta kawar da kai, ta ce a yi haƙuri, ta sa aka ɗauko mata turmin atamfa. Hafsat ta fito da shi a hammata, ta tsaya a bakin titi tana kuka, masu adaidaita suna rage gudu suna wucewa.

Da abin da ya samu Malam Bartholomew ya haɗa lissafin. Lissafin ya kai yadda banki zai iya amincewa, amma harajin da ya hau kanta ya ci wani ɓangare na kuɗin da ta tara na kafin alƙalami. Mutumin da ya saba cike mata ya kira ta, ya ce zai samo mata shaida mai hatimi cikin kwana biyu, ba sai ta biya ko rabi ba. Ta yini da maganar a ranta, har ta ajiye masa kuɗin a gefe. Da ta gaya wa Malam Bartholomew, ya ce mata banki zai bincika lambar shaidar, in suka gano ta bogi ce ba gida kaɗai za ta rasa ba. Ta sayar da babbar firizarta da janareta da 'yan kunnen da mijinta ya sayo mata a Makka, ta biya.

Shaidar ba ta fito da wuri ba. An ce sai an tantance, tun da abin da ta rubuta bana ya yi nisa da na baya. Kullum tana kan benci a ofishin, tana duba waya, tana tunanin Inna da ta bari a hannun maƙwabciya. Odar girki biyu sun wuce ta saboda ba inda za ta ajiye nama.

Ranar da aka miƙo mata takardar, ba ta tsaya ko'ina ba sai banki, daga can ta wuce gida. A ƙofa ta tarar da wasu mutane suna awon katanga da igiya, Mustafa yana tsaye tare da su.

"Alhaji Mustafa, ga shaidar ta fito. Banki sun ce mako mai zuwa za su kira ka."

Bai karɓa ba. Ya ja ta gefe ya yi ƙasa da murya.

"Wani ya zo zai ɗauke filin gaba ɗaya, zai yi benaye. Ya ce in an yanki ko taku ɗaya ya fasa. Ni kaɗai na tsaya miki, su bakwai ne. Jiya aka sa hannu."

"Amma watan bai ƙare ba."

"Na sani. Ki yafe min. Na roƙa miki a bar ki ki zauna zuwa bayan Sallah."

Ta shiga ɗaki. Inna ta bi ta da ido, ta tambaya da kalmominta masu nauyi ko an dace. Hafsat ta ce ana kan magana, ta gyara mata filo, ta fita bayan ɗaki ta zauna a kan turmi har aka kira la'asar.

Banki ya amince a makon da ya biyo baya. Maryam Nana ta ce yardar tana nan na 'yan watanni, in ta sami wani gidan da kuɗin zai kai. A GRA kam ko ɗaki bai kai ba. Wani dillali mai suna Ƙasimu ya kai ta can ƙarshen Hotoro, ya nuna mata ɗaki biyu da falo, ba a yi filasta ba, lungun kuma mota ba ta shiga. Ta tsaya tana kallon kwatar da ke bakin ƙofa, tana lissafin yadda za a tsallakar da keken Inna ranar asibiti, da yadda za a fito da kulolin abinci zuwa titi.

"Akwai ruwa?" ta tambaya.

"Sai na 'yan garuwa, Hajiya."

Ta ce ya kira mai gidan, tana so ta ga takardun filin.