Koriyar Ƙofar Fada Ambros

"Wai shi ba zai fito ba, ni kuma ba zan shiga ba," in ji Eliyamma, ta zauna a kan bencina, lemarta tana ɗigar da ruwa a ƙasa. Awa bakwai ta yi a bas, tsohuwa mai shekara tamanin da ɗoriya, don ta ga ƙanenta kafin ya cika. Ƙanen nata shi ne Fada Ambros, limamin cocin da ya shugabanci gidan zuhudun da ke kan tudunmu shekara talatin da ɗaya. Gidana ne na ƙarshe kafin matakalarsu, shi ya sa duk macen da aka tsayar a can, a wurina take sauka.

Na zuba mata baƙin kofi, na ajiye mata rogo da miyar kifi. Ko kallonsu ba ta yi ba.

"Ni na goye shi, Sosamma. Ni na koya masa cin shinkafa da hannu. Yau kuma ni ce macen da ba ta shiga."

"Dokar gidan ce, Yaya," na ce mata. Ban gaya mata wanda ya fi kowa riƙe dokar ba.

A bayan cocinsu akwai wata koriyar ƙofa. Daga nan ɗakunan 'yan zuhudu suke farawa, kuma mace ba ta ƙetare ta. Ni na san ƙofar nan kamar tafin hannuna. Fada Ambros shi ke koyar da Latin da Girkanci a makarantarsu, kullum da safe muna jin yara suna bin muryarsa da baitocin mutanen da suka mutu tun kafin a haifi kakanninmu. Shi ya tako har tsakar gidana ya ce ɗana Devasiya yana da kai, kada in bar shi ya ƙare a tsagar itacen roba. Ya koyar da shi har yaron ya fi son littafi da girkina, yana shekara ashirin ya shiga gidan. Yana ashirin da shida zazzaɓi ya kwantar da shi. Kwana uku ina tsaye a gaban ƙofar nan. Fada Ambros ya fito da kansa, da ladabinsa da komai, ya ce, "In na buɗe miki yau, Sosamma, gobe babu ƙofa." A cikin akwatin gawa na ga ɗana, a coci, tare da kowa.

Da azahar sai ga Fada Yakob, sabon shugaban gidan, wanda shi ma ɗalibin tsohon ne. Ya tsaya a bakin baranda, ya ƙi zama.

"Inna, na ce masa na ba da izini yayarsa ta shiga. Na ce ko mu ɗauko shi da gadon zuwa ɗakin baƙi. Duk ya ƙi."

"To ni mene ne nawa a ciki?"

"Ya ce abin da ya hana uwar Devasiya, shi ba zai karɓa ba. Sai fa in ke kika ce a buɗe."

"Shekara goma sha tara da rasuwar ɗana, sai yau ya tuna ina da baki?"

"Inna, numfashinsa ya yi ƙasa."

"Na ji. Saniyata tana jira."

Ya koma, ni kuma na ɗauki bokiti. Ba zan ɓoye ba, so nake ya ɗanɗana. Na tatsi saniyar a tsanake, na tace madarar, na wanke bokitin har sau biyu alhali tsaf yake. Ban taɓa jin daɗi mai ɗaci irin wannan ba. Ko sau ɗaya ban tuna cewa ba shi ne yake zaune a wajen ƙofa ba.

Da na dawo, Eliyamma tana nan inda na bar ta. Duk ta ji abin da aka faɗa. Na zaci za ta roƙe ni, ko ta zage ni, da ma hakan ta yi.

"Shekararsa nawa, yaron naki?"

"Ashirin da shida."

Ta gyaɗa kai. "Ambros tun yana ƙarami haka yake. In ya kafe, ko Babanmu sai dai ya haƙura. Ki yafe mana, ƙanwata."

Wannan "mana" ɗin ne ya karya ni. Na ja mayafina na kama hannunta.

Matakala casa'in da biyu ce, ruwa ya sa duk ta yi santsi. Kowace goma sai ta tsaya ta dafa gwiwa ta huta. Mun wuce itacen mangwaro, mun fara hango rufin cocin, sai ƙararrawa ta buga. Ba irin ta sallar yamma ba ce, ta sanar da mutuwa ce. Ɗaya, sai a yi shiru mai tsawo, sannan wata. Eliyamma ta matse min hannu, amma ba ta daina hawa ba.

Mun tarar da koriyar ƙofar a buɗe, Fada Yakob yana tsaye, idanunsa jawur.

"Da na ce masa ga ku can kuna hawowa, sai ya sa na ajiye littafin da nake karanta masa. Ya ce a yi shiru, yana so ya ji takunku."

Da ban tsaya wanke bokiti ba, da mun isa. Na sani, Fada Yakob ya sani, ita ma ta sani, ba wanda ya faɗa.

"Shigo, Inna," ya ce mata. "An buɗe."

Eliyamma ta cire takalmanta, ta jera su a gefe. Ta leƙa dogon barandan da ban taɓa gani ba, sannan ta zauna a kan dokin ƙofar, ƙafafunta suna waje. Na buɗe lemarta na riƙe mata, ruwa yana sauka a cikin takalman.