Wandon Kawu a Kan Babur

Telan da nake koyon aiki wurinsa ya ce in na sake ɓata ɗinki, in kama gabana. Matsalata tsoron kada kaya su matse mutum, sai in yi ta ƙara yadi.

Kawu ya zo gwada wandonsa, ya shige ƙafa ɗaya gaba ɗayansa.

"Ɗan nan, ni da wa za mu sa?" in ji shi.

Ya tuɓe ya wurgar waje. Wandon ya sauka kan babur ɗin maigida, ya rufe shi ruf har taya. Na tsaya ina kallo. Ashe ba mutane ya kamata in yi wa ɗinki ba.

Ranar aka sallame ni. Yanzu rigar babur nake ɗinkawa, kuma babu babur ɗin da ya taɓa kawo ƙorafi.