Inda Maruƙa Za Su Haye

Mashkura injiniya ce, ita aka ɗora wa zana sabuwar hanyar ruwa zuwa gonakin albasa da ke ƙasan madatsar Goronyo. Gonar babanta, Malam Lawwali, ita ce can ƙarshe, inda ruwa kan ƙare kafin ya iso. Ya riga ya ce in bana ma haka ne, shi da noman rani har abada.

Buƙatu uku ta ba kwamfuta: ruwa ya kai ƙarshe, kada laka ta cike hanyar, kada a ci gonakin mutane. Manhajar takan ƙirƙiro zane ɗari, ta watsar da raunana, ta haɗa nagari su haifi wasu, kamar yadda manomi ke ware iri. Bayan zagaye dubu ta fito da hanya siririya mai zurfi, gefenta a tsaye. Mashkura dai ba ta iya ɓoye murna ba, ko gaishe ta ka yi sai ka ga zanen.

Ranar kafa turaku, Ardo Isah, shugaban makiyaya, ya ga igiya ta ratsa burtalin shanu. Ya tambayi zurfin, Mashkura ta gaya masa.

"Ɗiyata, saniya tana tsallakewa," in ji shi. "Maraƙi in ya hwaɗa, mi za shi taka shi hito?"

Ya ce ba su yarda ba. Kowa kuwa ya san in aka shiga gardama, aiki ya tsaya sai baɗi.

Kunya ta kama ta, don tun tana ƙarama take ganin shanu na bi ta nan. Ta zauna a inuwa ta ƙara wa kwamfuta buƙata ta huɗu, wato maraƙi ya iya hayewa, ko da yake ta san in hanya ta yi faɗi ruwa kan yi sanyin gudu. Zanukan farko duk shirme ne, ruwa na mutuwa a tsakiya. Sai wajen la'asar wani ya ɓullo: faɗi da gangare mai sauƙi a burtali, daɓen dutse, sannan a matse hanyar gaba kaɗan. Ardo ya duba ya gyaɗa kai.

A gida ta fara ba babanta haƙuri, wai ruwansa zai riƙa makara da awa guda.

"Amma yana isowa?"

"Yana isowa, Baba."

Ya shiga ɗaki ya sauko da irin albasarsa.