Bencin Kawu da Bencin Yara

A shekarar da motoci suka koma bin hannun dama, Falalu ya dawo Gwiwa daga cin rani a Kazaure, inda ya koyi kafinta. Ya sami Kawu, wanda ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsa, ya roƙe shi rumfar ƙofar gida don ya kafa sana'a.

Kawu ya ce, "Manomi ne ya haife ka. Amma yi wani abu da gidan nan zai amfana da shi, in na gani da idona, rumfa taka ce. In ba haka ba, ga fartanya can."

Falalu ba mai garaje ba ne. Ya taɓa leƙa gidan wani ma'aikacin En'e ya ga ana cin abinci a kan tebur, abin ya zauna masa a rai. Ya samo katakon maɗaci, ya yanka, ya goge har yana sheƙi. Ƙafafu kuwa, bututun ƙarfe ne da masu aikin hanya suka bari, ya kai wa Haladu mai walda a Kazaure, ya ɗauro su a keke suna ta ƙarau-ƙarau har gida. Tebur ya tashi, ga benci biyu, tsayinsu ɗaya kamar tagwaye.

Ranar Juma'a bayan an sauko, aka kafa su a gindin darbejiyar ƙofar gida. Inna Shatu, matar Kawu, ta aiko da tuwon dawa a akushi. Kawu ya zagaya tebur, ya ƙwanƙwasa ƙafa ɗaya da sandarsa, ya tattare riga ya hau benci.

"To, bismilla. Ku zauna mana."

Falalu ya dubi Lauwali, babban ɗan Kawu. Lauwali ya dubi ƙannensa. Sai duk suka zame suka tsuguna a ƙasa, har da shi kafintan. Wa zai zauna kafaɗa da kafaɗa da maigida?

Kawu ya leƙo su ta saman akushi. "Kai, ni kaɗai a nan sama kamar alƙali? Shari'ar wa zan yanke, ta tuwo?"

"Baba, ai ba ma iyawa," in ji Lauwali.

"To ni ma ba na cin abinci ni kaɗai. Ku ɗauko mini buzuna."

Inna Shatu, da ke leƙe ta bakin zaure, ta ce, "Falalu, in sun ƙi, shigo mini da teburin in shanya kuɓewa!"

Kowa ya yi dariya ban da Falalu. In Kawu ya sauka kan buzu, ba mai sake hawa bencin nan har abada, rumfa kuma ta tafi.

"Kawu, don Allah a ɗan dakata mini."

Ya shiga gida ya fito da fartanya. Lauwali ya ce, "A'a, har ka sallama?"

Falalu ya nufi gindin darbejiya. Ya janye benci na biyu, ya haƙa rami a gurbin kowace ƙafa, ƙasar yashi ce ba ta yi gardama ba. Ya mayar da bencin, ƙafafun ƙarfe suka nutse kusan rabi, ya tattake gefensu da dunduniya. Sannan ya zauna, ya ɗaga kai ya dubi Kawu. Kawu na sama, shi yana ƙasa.

Lauwali ya matso a hankali ya ɗosana, ƙannensa suka bi. Tebur ya zo musu har ƙirji, ƙaramin cikinsu ma haɓarsa ce a kan katako.

"Kun ga 'yan awaki a bakin kwami," in ji Kawu, yana tura musu akushi tsakiya.

Aka sa hannu. Miya ta ɗan gangaro wa Lauwali har gwiwar hannu, amma akushi ya tashi fes. Kawu ya suɗe yatsa, ya miƙe ƙafafu, ya ce gwiwarsa ta daɗe ba ta sami hutu irin na yau ba.

"Gobe ka kwashe karan da ke rumfar nan. Amma ka ji, in wani ya ce ka yi masa irin wannan, fara tambayarsa wa zai zauna da wa."

"To, Kawu," in ji Falalu, ya tashi ya kai wa Inna Shatu akushinta.