Dashen Malam Sallau

"Kai jama'a, bawana ya sake faɗuwa!" Imrana ya ɗaga wayarsa sama yana nuna wa 'yan majalisa. "Ko bindiga bai ɗauka ba, bango yaka ta tunkuya kamar rago!"

Rumfar mai shayi ta kaure da dariya. Zaharadeen ma, wanda da shi ake, ya yi tasa, irin wadda iyakarta haƙori. To, ya zai yi? Imrana taubashinsa ne, ɗan kawunsa na Bakura, kuma a Mafara duk wanda ya yi fushi da wasan taubashi shi ya ji kunya. Ko a tsakiyar kasuwa ya tsiga ka, sai dai ka haɗiye.

Wasan na waya ne. A zuba mutum ɗari a wani tsibiri, kowa ya nemi makami, wanda ya rage shi ne gwani. Imrana kuwa gwani ne, ba ƙarya. Samari rububin shiga rukuninsa suke yi, har da waɗanda a da suke zuwa wurin Zaharadeen tambayar yadda ake rainon irin albasa. Abin nan ya tsaya masa a rai. Imranan da a makaranta shi yake raɗa wa amsa? Imranan da ko kunya uku a gona ba ya iya yi sai ya nemi inuwa? Wallahi kishi ne zalla ya kama shi, kuma ya san kishin ne.

* * *

Sai Zaharadeen ya shiga koyo a ɓoye. Ashe abin sai da horo. Babban yatsan hagu shi ke tafiya, na dama shi ke saiti, kuma dole su yi aiki tare ba tare da ido ya leƙa su ba. Ya koyi laɓewa kafin ya ɗura harsashi. Ya koyi sauraren takun abokin gaba, da daina gudu a fili. Yatsunsa da fartanya ta kangarar suka yi ta zamewa a kan gilashin wayar, ya yi ta faɗuwa yana tsaki yana sake shiga. Tuwo ya sha hucewa a gabansa.

Mahaifinsa, Malam Sallau, yana zaune a zaure da ƙafar da ciwon sanyi ya kumbura, yana jin ƙarar harbi daga ɗaki.

"Zaharadeen, a ƙasag ga tamu har ƙarar bindiga ta zama abin wasa?"

"Na waya ne kawai, Baba."

"To. Gobe dai Talata, ruwa namu na. Dashen nan kwanansa ukku, saiwa ba ta kama ba. Ka buɗe kaɗan, fangali ya cika ka toshe, ka wuce na gaba. Kada ka ɗauke ido."

"In sha Allahu, Baba."

Irin albasar nan ba na kasuwa ba ne. Malam Sallau da kansa yake zaɓar shi yana ajiyewa shekara da shekaru, kuma bana kaf aka yafa shi aka dasa, babu ko ƙwaya a gida. Da shi gidan zai ci abinci har damina.

* * *

Hantsi ya yi, ruwan madatsar Bakolori ya iso magudanarsu. Zaharadeen ya sa fartanya ya fasa datsin, ya tsaya har fangali biyu suka cika, ya karkata ruwan zuwa na uku. Daga nan sai wayar ta yi ƙara a aljihu. Saƙon murya ne.

"Bawana, muna ciki. In kana jin tsoro ka zo ka riƙe mani takalmi."

Ya dubi ruwan, a hankali yake tafiya. Ya dubi bakin babbar magudana, inda sabis ya fi ƙarfi. Minti goma dai. Ya hau ya zauna, ya juya wa gonar baya saboda rana na haske masa gilashi.

Shi wannan wasa ba a tsayar da shi, don sauran mutanen ba za su jira ka ba. Yau kuma, ikon Allah, yatsun suka ji magana. Mutum ɗari suka koma arba'in, suka koma goma, suka koma biyu. Ya gane rigar Imrana ta cikin wasan daga nesa. Ya laɓe bayan dutse, ya saurari taku, ya bari sai da taubashin nasa ya fito fili. Harbi biyu rak.

"Na ci shi! Wallahi na ci shi!" Ya miƙe yana tsalle shi kaɗai, ya waiwayo.

Babu fangali ko ɗaya. An ƙaro ruwa daga madatsa bai sani ba, ruwan ya fasa kunyoyin, ya share gonar ta koma tafki. Dashen ya tuge yana yawo a kan ruwa, wani ya riga ya bi kwata ya tafi.

A bakin gonar wani mai babur yana sauke Malam Sallau, wanda hankalinsa bai kwanta ba ya ce a kawo shi ya gani. Tsohon bai dubi ɗansa ba. Ya ajiye sandarsa, ya naɗe wando, ya shiga lakar da kumburarriyar ƙafarsa, ya duƙa yana tsintar 'yan tsiron ɗaya-ɗaya yana tarawa a cikin hularsa.

"Baba..."

"Toshe ruwan," in ji shi, ba tare da ya ɗago ba.