Kunnen Hagu

Tun ina aji uku na firamare ake kirana Kyaftin. Ni na laƙaba wa kaina sunan, na kuma daki wata yarinya da ta yi dariya, daga nan gida da makaranta da coci duk suka ɗauka. Ban taɓa cewa ina so in zama matuƙiyar jirgin sama ba, cewa nake zan zama. Na gama jami'a da sakamakon da ba mai ɗaga mini hanci, na ci jarrabawar makarantar koyon tuƙin jirgi, na ci ganawar baki da baki. Gwajin lafiya ne kawai ya rage, ni kuwa ko ciwon kai bai cika kama ni ba.

Aka shigar da ni wani ɗan ɗaki mai bango kamar katifa, aka ɗora mini abin sauraro a kai, aka ba ni maɓalli. In na ji ƙara in danna. A kunnen dama na danna har yatsa ya gaji. Da aka koma hagu na ɗan danna, sai na zauna ina jiran a ci gaba. Ta gilashi na hango ma'aikaciyar tana kallona tana rubutu. Ashe ba a tsaya ba, ni ce ba na jin ƙarar.

Likita ya ce ba datti ba ne, ba ruwa ba ne, jijiyar ce, wataƙila tun wani zazzaɓi na ƙuruciya. Ba magani, ba tiyata, kuma ba za su ɗauke ni a haka ba. Na ce na'urarsu ce ta lalace. Bai ji haushi ba, ya ce in dawo bayan wata guda a sake.

Matsalar ita ce Mama ta riga ta gaya wa duniya. Ɗinki ne sana'arta, duk wadda ta kawo atamfa sai ta tafi da labarin jirgi. Har ta roƙi Fasto ya ware mana wata Lahadi ta godiya, an kuma sanar a gaban jama'a.

Watan nan na yi addu'a irin wadda ban taɓa yi ba. Ni da ba na roƙon kowa ko allura, na durƙusa har gwiwata ta yi kanta. Na yi azumi. Matan zumunta na cocinmu suka riƙa zuwa gidanmu, Shugabarsu na gaba, su kewaye ni tsakanin keken ɗinki da tarin ƙyallaye, su ɗora hannu a kunnena. Wani lokaci da yawan muryoyinsu nakan ji tsoron kada na daman ma ya tafi. Amma na ce amin, kuma da gaske na ce.

Da wata ya cika na koma ɗakin gwajin. Na zauna ina jiran ƙara. Shiru.

A cikin bas na jingina kai da taga na ce, "To, Ubangiji, na ji. Da kunne ɗayan da ka bar mini, na ji." Ban yi kuka ba sai da na shiga banɗaki na buɗe famfo.

Bayan haka na karɓi aikin koyar da lissafi a wata sakandare. Nakan tashi da safe in yi addu'a, ba na jin daɗinta ko kaɗan, in goge takalmi in tafi. Alli, allo mai tsagewa a tsakiya, fankar da ba ta juyawa. Ba na makara, ba na kuma bari ɗalibi ya ga fuskata a sake.

Lahadin godiya ta matso. Ranar Asabar Mama tana kan keke, Yaya, wanda makanike ne, yana wanke baƙin mai a hannunsa a bakin ƙofa.

Ba tare da ta ɗago ba Mama ta ce, "Gobe in an ba ki makirufo, ki ce an ɗaga tafiyar zuwa baɗi."

"Ba a ɗaga ba, Mama. An hana ni."

"Ke kika san baɗi? Allah ba ya makara."

"Ban ce ya makara ba. Ya zo a kan lokaci, ya ce a'a."

Ta taka birkin keken. "Ki rufa mini asiri, 'yar nan. Da wane ido zan kalli matan da suka yi azumi saboda ke?"

Yaya ya ce, "Ni dai shawarata, Kyaftin, ki kwanta gobe ki ce zazzaɓi. Ni zan ci rabonki na abincin godiya, kada ya lalace."

"Yaya, ni ban yi sata ba da zan ɓuya."

"Taurin kai dai kamar tsohon kusa. Da kunnen ne ya yi ƙarfin kan nan, da yanzu kina sama."

Mama ta jefe shi da kwarkwaron zare. Ni na yi dariya, ita ba ta yi ba.

Washegari coci ya cika. Aka fara shaida. Wani ya samu aiki, wata ta haihu bayan dogon jira, wani mota ta kife da shi ya fito ba ƙwarzane. Kowa ya gama sai tafi da ganga. Fasto ya kira mu. Mama ta tsaya a gefena cikin sabon ɗinki.

Na karɓi makirufo na ce, "Kun san abin da na roƙa, da yawanku kun taya ni roƙo, na gode. Ba a ba ni ba. Kunnena na hagu bai warke ba, ba zan tuƙa jirgi ba."

Mai ganga ya riga ya ɗaga sanda, sai ya sauke a hankali.

Shugaba ta miƙe daga layin gaba. "'Yata, kada ki furta haka. Jinkiri ne, ba hani ba."

"Hani ne, Mama Shugaba. Na iya bambance su. Kuma kada wanda ya ce bangaskiyata ce ta gaza, gwiwoyina shaida ne. Shi kansa Yesun da muke bi ya roƙa a ɗauke masa abu, ba a ɗauke ba." Na gyara riƙon makirufon. "Ban gane dalili ba. Ba zan yi ƙarya in ce na ji daɗi ba, har yanzu ina fushi, kuma ya sani domin kullum ina gaya masa. Amma ban tafi ko'ina ba. Ga ni a gidansa. Shaidata ke nan."

Ba wanda ya tafa. Fasto ya karɓi makirufo ya ce, "Mu yi addu'a." Bai roƙi warkarwa ba. Ƙarfi ya roƙa mini, da ni da duk wanda ke zaune a wurin da irin amsar da na samu. Amin ɗin da ta fito daga kujerun baya ta fi yadda na zata nauyi.

Da aka tashi, Mama ba ta tsaya gaisawa ba. Muka kama hanya a ƙasa, ita a hagu, ni a dama, Yaya a baya ɗauke da kuloli. Muka wuce shagon mai faci, muka wuce kantin magani. Na san ta ji kunya, ban kuma san ko za ta yafe mini ba.

Can ta yi magana, ban kama ba. Na ce, "Na'am?"

Ta tsaya cak ta dube ni. Idanunta sun yi ja. Sai ta kama hannuna ta zagayo ta dama.

"Bari in dawo ta kunnen da ke aiki," ta ce, "kada in yi faɗa a banza."

Ta yi faɗan kuwa, tun daga nan har ƙofar gida, hannuna a cikin nata. Da ta gama ta tambaye ni ko akwai rigar makaranta da ke buƙatar gyara kafin gobe. Na ce akwai guda, aljihun ya yage.