Kwanon Dodo

Ranar Talata bayan la'asar Dodo ya rasu. Farfaɗiya ce ta kayar da shi a tsakar gidan wansa a Ƙofar Kware, katin jami'a rataye a wuyansa. Malam Ubaidullahi, tsohon malamin makaranta da katanga ɗaya ta raba su, yana zaure yana karatu ya ji kukan mata. Sai da ya kai ƙarshen shafi sannan ya tashi.

Dodo ya haura arba'in. Tun yana yaro unguwa ta yanke cewa hankalinsa bai cika ba, aka ware masa kwano, wani shuɗi mai ɓantaren baki, wai yawunsa na ɗauke da ciwon. Ko yaran gidan ba sa sa hannu a ciki.

Bara wata Dakta Adawiyya ta zo da mutanenta daga jami'a, suna binciken yadda irin su Dodo ke rayuwa a gari. Malam ya sa aka goge babbar rigarsa, don duk layin babu wanda ya kai shi karatu. Suka gaishe shi da ladabi, suka wuce suka ɗauki Dodo, wai abokin aiki, ba wanda za a yi wa tambaya ba.

"Shekara talatin ina riƙe da alli," in ji Malam a teburin mai shayi. "Ashe dalalar yawu ya kamata in koya."

Dodo ya san duk gidan da aka ɓoye irinsa a ɗakin baya, daga nan har Unguwar Rogo. Takardar masu bincike shafi shida ce. Ya ce ta yi tsawo, ya kawo tambayarsa guda ɗaya, kuma da ita iyaye mata suka riƙa fashewa da kuka.

Kwana huɗu kafin rasuwarsa ya tsaya a bakin zauren Malam da rana, rikoda a hannu. Malam yana cin tuwo shi kaɗai, yadda yake yi shekara shida tun rasuwar matarsa Bara'atu.

"Malam, in tambaye ka?"

"Ni ma na shiga sahunku ke nan?"

"Dakta ta ce kowa." Ya miƙo rikodar. "Da wa kaka cin tuwo?"

Malam ya mayar da lomar cikin kwano.

"Je ka tambayi Daktarka. Matsa, ka tare min haske."

Dodo ya kai rikodar bakinsa, ya ce a hankali, "Malam bai amsa ba." Ya tafi.

Ranar sadakar uku maƙwabta suka cika tabarmi, mutum bakwai-bakwai a kan faranti ɗaya, hannu na gogar hannu. Na'Allah, wan mamacin, yana yawo da katin yana nuna wa baƙi.

"Ƙanena ma'aikacin jami'a na, ku duba hoto."

Dakta Adawiyya ta tare Malam a ƙofa. "Baba, sunansa zai fito a rahoton, kusa da nawa. Ranar Litinin ya hana ni cike gurbin amsarka. Ya ce in bar shi haka, zai koma wurinka."

"Allah shi jiƙan shi," in ji Malam, ya wuce.

A bayan katanga, kan bola, ya ga kwanon shuɗin kife cikin toka. Ya duba hagu da dama, ya ɗauka, ya tura a hannun riga.

Washegari da rana ya wanke shi da kansa, ya juye tuwonsa a ciki, ya ajiye a tsakiyar tabarma, ya matsa gefe. Haske ya cika bakin zauren, babu mai tare shi. Amsar tambayar Dodo ba ta da tsawo, duk karatunsa ya san haka.

Ba kowa, Dodo. Zauna.

Tuwon ya huce a kwanon.